Injin Wanki A Ƙasar Noman Rani: Ruwan Tiga Amana Ne

Daga Wakilinmu

DUK wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da hantsi a cikin watannin rani, da zarar ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura, zai ga abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba, watau gonaki kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau. Idan kuwa ya ratse daga kan kwalta ya bi gefen kanal, ko ta wajen Kadawa ko ta wajen Bunkure, zai tarar da wata kasuwar da ba a saye ba a sayarwa. 'Yan mata sun jera bahunan wanke-wanke, almajirai suna cuɗa riguna a kan siminti, samari sun tura babura har bakin ruwa suna ta darza, yara kuwa sai alkafura suke yi cikin ruwa. Kumfar sabulu tana bin ruwa tana tafiya, ba wanda ya tambayi inda za ta tsaya.

A cikin 'yan shekarun nan kuma an yi wani baƙo a wannan yanki, shi ne injin wanki. Ya fara shigowa ne cikin kayan ɗakin amare da ake sayowa daga birni, da gidajen ma'aikata da na fataken shinkafa, da kuma shagunan samari masu sana'ar wanki da guga. Ɗan'uwansa, injin wanke kwanuka, har yanzu bai zama ɗan gari ba, sai dai a manyan otal-otal da gidajen masu hali a cikin Kano. Masu sayar da waɗannan injuna suna cewa suna rage ɓarnar ruwa da wuta. Maganarsu akwai gaskiya a cikinta, amma gaskiya ce mai sharaɗi, kuma sharaɗin yana hannun maigida da uwargida. Wannan shi ne abin da muke so mu duba a yau.

DAGA INA RUWAN YA FITO

Kafin a yi maganar tattali, ya kamata a tuna wa matasa cewa ruwan nan da suka buɗe ido suka gani yana gudana a bayan gari, jiya-jiya aka kawo shi. Gwamnatin marigayi Alhaji Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ita ce ta datse Kogin Kano a Tiga. An fara aikin a 1971, aka gama a 1974, daidai lokacin da fari mai tsanani ya auka wa ƙasashen Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta ƙaura. Madatsar tana da nisan kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano, kuma an gina ta ne domin ta riƙe ruwa kusan ma'aunin mita biliyan 2. A shekarar 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ita ce ke kula da madatsar da kuma aikin noman rani.

Daga Tiga babban kanal ya ɗauko ruwa ya bi ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rabu gida biyu, reshen gabas da reshen yamma, ya shayar da gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Tsarin farko shi ne a shayar da hekta 22,000. Da wannan ruwa ake noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara, da shi kasuwar Kwanar Gafan take cika maƙil da kwandunan tumatir, da shi kuma Kura ta zama garin casar shinkafa bayan tun can da an san ta da rini da bugu. Da kanaloli suka tsufa, laka da ciyawa suka toshe su, sai da aka nemi rancen Bankin Duniya a 2014, a ƙarƙashin shirin TRIMING, kafin a sami damar gyara su. Ke nan ruwan ba kyauta yake zuwa ba, ko da kuwa mai wanki bai biya ko sisi ba.

Har ila yau, ba mu kaɗai ke da shi ba. Ruwan da ake saki daga Tiga yana cikin wanda ake tacewa a Tamburawa domin mutanen birni su sha. Wanda ya rage kuma, haɗe da abin da ya tsiyaye daga gonaki, shi ke bin kogi ya wuce Wudil, ya isa Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, daga can ya bi Kogin Yobe ta Gashuwa da Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. Masunta da makiyaya da manoman waɗannan wurare duk suna da haƙƙi a cikinsa, kuma sun daɗe suna kukan cewa ambaliyar da ke raya musu fadamu ta ragu tun da aka gina Tiga, aka kuma ƙara da madatsar Challawa a 1992.

RUWA IRI BIYU NE

Wani mai karatu zai iya cewa, to mene ne ruwan wanki idan aka kwatanta shi da ruwan gona? Wannan tambaya tana kan hanya. Masana sun ƙiyasta cewa kafin a sami kilo 1 na shinkafa akan kashe ruwa kimanin lita 2,500, kuma a duniya baki ɗaya noma ne ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba. Saboda haka ko da kowace mace a Kura ta daina wanki yau, Tiga ba za ta ji a jikinta ba.

Amma fa ruwa iri biyu ne a wannan ƙasa. Akwai na kanal, wanda ke zuwa da ƙafarsa saboda gangara, ba a sha sai an dafa ko an tace. Akwai kuma na gida, mai tsabta, wanda sai an haƙa rijiyar burtsatse, an tayar da janareta ko an kafa sola, an tura shi tanki, ko kuwa an jira mai kurar ruwa ya turo jarkoki an biya shi. Injin wanki wannan na biyun yake sha, domin ruwan kanal mai laka yakan toshe masa matata, ya kuma rina farin kaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023, kowace jarka ta ƙara tsada, domin kuwa mai burtsatse da fetur yake ja, mai kura kuma wurinsa yake saye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa lita 20 a rana ita ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata, sai an kai kamar lita 50 kafin a ce wanka da wanki sun wadata. Gidan da ke da mutum 10, wanda ke sayen ruwa jarka-jarka, ya san cewa wankin mako guda yana iya cinye ruwan shan kwanaki.

INJI DA INJI AKWAI BAMBANCI

Injunan wanki da ake samu a kasuwannin Kano iri uku ne. Na farko shi ne mai rami biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, wanda mutum ne ke zuba masa ruwa da bokiti ko da tiyo. Shi ya fi araha, shi kuma ya fi yawa a hannun jama'a. Na biyu mai murfi a sama, wanda ke ɗibar ruwa da kansa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse. Irin wannan, musamman tsohon ƙira, yakan sha lita 100 zuwa 150 a wanki guda, watau jarka 4 zuwa 6 ta lita 25. Na uku mai ƙofa a gaba, wanda ke juya kaya cikin ruwa kaɗan. Shi yakan tsaya a wajen lita 50, jarka 2 ke nan, amma ya fi tsada, yana kuma bukatar famfo mai ƙarfi da wuta tsayayya.

Mai rami biyu shi ne ya fi dacewa da hannun mai tattali, shi ne kuma ya fi ɓarna a hannun marar kula. Uwargida mai dabara takan ware kaya kashi-kashi tun kafin ta zuba ruwa. Ta fara da fararen kaya, da hula da ɗankwali da rigunan makaranta. Idan ta tsame su, ba ta zubar da ruwan sabulun ba, sai ta sa atamfofi da shaddoji masu launi. Daga ƙarshe ta sa kayan gona da tsummokaran girki. Ruwa ɗaya ya yi aiki uku. Ruwan ɗaurayar farko kuma shi zai zama ruwan wankin zagaye na gaba. Amma wanda ya sa tiyo ya bar ruwa yana shiga yana fita wai don kaya su fita tas, to ya fi mai wanki a bakin kanal ɓarna nesa ba kusa ba, domin shi ruwan kuɗi yake kwararwa a rariya.

Abu na biyu shi ne a tara kaya har su isa lodi. Inji zai ci kusan wutar da zai ci ko riga 2 aka sa masa ko 12. Gara a yi wanki sau biyu a mako da cikakken lodi da a riƙa tayar da inji kullum saboda wando ɗaya. Sai dai kuma kada a danna masa kaya har su kasa juyawa, don ba za su fita ba, a dawo a maimaita, ga shi kuma ana wahalar da moto. A bar sarari kamar tafin hannu a sama.

Abu na uku shi ne garin sabulu. Mutanenmu da yawa sun ɗauka yawan kumfa shi ne tsabta. Alhali idan sabulu ya yi yawa, ɗaurayar da za a yi sau biyu sai ta zama sau huɗu, kuma ragowarsa kan sa kaya su yi ƙarfi, su riƙa sa yara ƙaiƙayi. A bi awon da aka rubuta a jikin leda. Kayan da suka sha taɓon gonar shinkafa kuwa, a bari su bushe a kakkaɓe, a jiƙa su cikin baho tun da dare. Jiƙo ba ya cin wuta.

INDA WUTA TAKE TAFIYA

Jama'a da yawa suna zaton juya kaya ne ke cin wuta. Ba haka abin yake ba. A injin da ke dafa ruwa da kansa, mafi yawan wutar, har kusan kashi 90 cikin 100, wajen zafafa ruwa take tafiya. Lissafin ba shi da wuya. Moton ƙaramin inji mai ƙarfin wat 400, idan ya yi minti 15 yana aiki, ya ci kashi ɗaya cikin goma na yunit. Amma a ɗaga zafin lita 20 na ruwa daga digiri 25 zuwa 60 sai an kashe kusan kashi takwas cikin goma na yunit, watau ninki 8 ke nan. Ƙarfen da ke dafa ruwan kuwa yakan ja kimanin wat 2,000, abin da ƙaramin janareta na gida ba zai iya ɗauka ba.

To mu da Allah Ya hore wa rana, me zai kai mu ga wannan asara? Garin sabulu na zamani yana fitar da dauɗa a ruwan sanyi. Idan ana bukatar ɗumi, baƙin tanki ko baƙar jarka da aka bari a rana daga safe zuwa azahar sun wadatar. Ruwan zafi sosai a ajiye shi domin kayan marar lafiya da na jarirai. Haka kuma injin busar da kaya, wanda mutanen ƙasashen sanyi ke kashe wa kuɗi, mu igiyar shanya ta ɗauke mana shi. Mai sola kuwa ya yi wankinsa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da rana take bayarwa kai tsaye, ya bar wa dare batirinsa domin fitila da fanka.

INJIN KWANUKA DA BAHO BIYU

Wata mata Ba'amurkiya mai suna Josephine Cochrane ita ce ta yi rajistar injin wanke kwanuka na farko da ya karɓu a kasuwa, a shekarar 1886. Na zamani yakan wanke lodi guda da lita 10 zuwa 15, domin yana tace ruwan yana sake fesa shi. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Bonn ta ƙasar Jamus a farkon shekarun 2000, an sa Turawa sama da 100 su wanke kwanukan cin mutum 12 da hannu, sai aka ga a tsakaice kowannensu ya kashe ruwa fiye da lita 100. Daga nan ne maganar cewa inji ya fi hannu tattali ta sami gindin zama.

Amma a lura, mafi yawan ɓarnar ta fito ne daga masu buɗe famfo su bar shi yana zuba. Matan ƙasar Hausa ba haka suka gaji wanke-wanke ba. Baho biyu ake ajiyewa, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. A kwashe ragowar tuwo a ba kaji, a jiƙa ƙanzo tun da dare, a fara da kofuna da farantai, a ƙare da tukwane, a goge baƙin gindin tukunya da toka da soso. Jarka guda takan isa gida mai yawa. Wadda ta iya wannan ba ta da abin da za ta ji kunya a gaban injin Bature, balle ma injin ba ya iya wa tukunyar da aka ɗora a murhu, kuma kwarya da akushi ba sa jure zafinsa.

Inda injin zai yi amfani shi ne wurin da kwanuka ke da yawa, kamar otal da asibiti da makarantar kwana da gidan saukar baƙi. Su ma sharaɗin ɗaya ne. Kada a tayar da shi sai ya cika. A kankare ragowar abinci da cokali, ba sai an ɗauraye kwano a famfo kafin a sa shi ba, don yin haka wanki biyu ne. A zaɓi tsarin tattali da ke jikinsa, wanda ya fi daɗewa amma ya fi ƙarancin zafi. A riƙa wanke matatarsa, a kuma buɗe ƙofa kwanuka su sha iska maimakon a busar da su da wuta.

DAUƊAR FA, INA ZA TA?

A nan ne maganar ta fi nauyi. Wanki a kanal ba ya rage ruwa sosai, amma yana ɓata shi. Sabulu da baƙin mai na babura suna bin ruwa su shiga gonar wani. Gishirin da ke cikin garin sabulu, idan ya taru, yana sa ƙasa ta yi tauri ta ƙi shan ruwa, wasu sinadaransa kuma taki ne ga gansakuka da ciyayin da ke toshe magudanai. Mutanen Haɗeja da Nguru sun san abin da ciyawar kachalla ta yi wa hanyoyin ruwansu, bai kamata mu ƙara wa Barno dawaki ba.

Mafi muni kuma ita ce tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda sananniya ce a wuraren noman rani a Afirka. Mai ɗauke da ita idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayenta sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan katantanwa da ke manne da ciyawa. Bayan makonni sai 'ya'yan tsutsar su fito, su huda fatar duk wanda ya tsaya cikin ruwan. Ba sai an sha ba, tsayuwar wanki ma ta isa. Yaro ya rame, jininsa ya ragu, karatu ya gagara, idan ta daɗe kuma ta taɓa mafitsara da ƙoda. Tana da magani a asibiti, amma wanda ya koma ruwan zai sake ɗauka. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne kamar yadda wasu ke faɗa, ciwo ne.

Saboda haka babban alherin injin wanki a wannan yanki shi ne ya tsame ƙafar yaro daga kanal. Wanda ba shi da inji ma yana da mafita. A ɗebo ruwan da guga, a ajiye shi cikin randa ko duro kwana biyu, tsutsar takan mutu in ba ta sami jikin da za ta shiga ba. A yi wankin a gida ko nesa da bakin ruwa. Ruwan sabulu a yi yayyafin tsakar gida da shi ko a kora ban-ɗaki. Ruwan ɗauraya a ba darbejiya ko mangwaro, amma kada a zuba wa latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye. Kada kuma a bar shi ya kwanta a lungu ya zama gidan sauro, ƙaramin rami mai tsakuwa a bayan rariya ya isa ya shanye shi. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, da masu unguwanni da limamai, suna iya haɗa kai da ƙananan hukumomi a keɓe wuraren wanki masu daɓe a gefen gari, waɗanda ruwansu ba ya komawa kanal.

Wannan tarbiyya dai ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda na ruwa, ya yi wanka da sa'i guda, kuma malamai suna karantar da mu cewa an hana almubazzaranci da ruwa ko da mutum yana bakin kogi mai gudana. Mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam a bakin kogin suke zaune dare da rana. Wanda ya sayi inji ya cika shi kafin ya kunna, ya yi da ruwan sanyi, ya auna sabulu, ya san inda zai kai dauɗarsa. Wanda bai saya ba ya riƙe bahonsa biyu da kyau. Manomin da ke ƙarshen kanal, da masuncin Nguru, da yaron da za a haifa baɗi, duk suna jiran rabonsu daga wannan ruwa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.